Ranar da Na Yi wa Iya Tafinta

Na iso wurin da na daɗe ina kewaye wa. 'Ya'yana, a babin da ya wuce na cika ku da labarin goro da jirgin ƙasa da wasanninmu na ƙofar gida, duk don kada in zo nan, to ga shi dai na zo. Kun tashi kun tarar da Inna Ladi, ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya, a ɗakin nan na kusa da kicin, kun kuma tarar da abin da ake faɗa a kanta, wai iska ce ta taɓa ta tun tana yarinya a hanyar makaranta. Ni ma na sha gaya muku haka da bakina. Ƙarya ce. Babu iskar da ta taɓa Ladi, mutum ne ya cuce ta, kuma na san haka tun ina 'yar shekara goma sha shida.

Gidanmu na Sabo, unguwar Hausawa a Badun, gidan goro ne. Baba mai masauki ne, fataken Arewa su sauka a ɗakunan waje, ya haɗa su da masu kaya, ya tsaya a kansu har a ɗaure huhu a kai tasha. Daga zaure na biyu zuwa ciki kuwa duniyar Iya ce, iyakarta ke nan kuma. An kawo ta daga wani ƙauyen Kano tana amarya, ta shekara ashirin a Badun ba ta san launin kasuwar Dugbe ba. Yarbancinta bai wuce gaisuwar safe da ta rana ba, su ma sai ta lanƙwasa su har mai tallan manja ta riƙe ciki don dariya. Mu da aka haifa a nan kuwa bakinmu uku: Hausa a gida, Yarbanci a bakin famfo, Turanci a makaranta. Saboda haka duk abin da ya shigo gidan da wani yare, ta bakina yake bi kafin ya kai kunnen Iya. Mai atamfa ta zo, a kira ni. Ma'aikatan duba-gari su zo leƙen randa, a kira ni. Ni ce 'yar fari, Iya ba ta kama sunana, sai dai ta ce "ke, zo ki ji me take cewa," in zo ina hura hanci kamar wata alƙaliya. Ban taɓa ganin ta yi shakkar kalma ɗaya da na juya mata ba.

A duk Sabo lokacin, 'yan matan da ke sakandare mu uku ne: ni, da Ladi da ta shigo bayana da shekara uku, da Asabe 'yar maƙwabtanmu. Abin da ya sa Baba ya yi wannan taurin kai, akwai haihuwar da Iya ta yi kwana biyu tana fama har aka rasa ɗan, don babu macen da za ta raka ta asibiti ta yi magana da ma'aikata. Ranar ya rantse sai ya ga 'yarsa cikin farin kaya a asibiti. Ya samo makarantar 'yan mata ta wata ƙungiyar Musulmin Yarbawa, inda ake ɗaura kallabi ana salla, ya kai mu. Dattawa suka yi masa ca. Ranar da Ladi za ta fara zuwa ya zaunar da mu a turakarsa. Ni sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa yake ce mini Uwata.

"Uwata, a masallaci an ce na sayar da ku ga Yarbawa. Na ce ba komai. Amma ku buɗe kunne, ke da ƙanwarki. Ranar da wata magana ta biyo ku gidan nan, kowace iri ce, ranar karatu ya ƙare. Ba zan tsaya tambayar wa ke da gaskiya ba."

Muka ce mun ji. Ladi har da dariyarta, don ita a lokacin komai abin dariya ne. Yarinya ce mai surutu kamar kanari, ga ƙwaƙwalwa, lissafin da ni nake ciwon kai a kansa ita tana cin gyaɗa take gama shi.

Sai ƙasa ta rikice. Bayan kashe-kashen da aka yi a Arewa, zafin ya iso har ƙasar Yarbawa. Yau a ce za a kori Hausawa, gobe a ce za a zo a sa wa Sabo wuta, jibi a ce an tare wani mahauci a hanyar kwata an yi masa duka. Rabi gaskiya, rabi ƙarin gishiri, amma tsoro ba ya tantancewa. Masu ɗaure kaya suka ɗaure, tasha ta cika da tabarmi da tukwane. Mu da ba mu san wani gida ba sai wannan muka zauna, Sabo ta dunƙule kamar bushiya. Dama can muna da doka, Bahaushe ba ya kai Bahaushe wurin ɗan sanda ko kotun gari, duk abin da ya faru a zauren Sarki ake kashe shi. A wannan shekarar dokar ta ƙara tsauri, har yara ake ja wa kunne: abin da kika gani a Sabo ki bar shi a Sabo, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Dattawa suka sake taso Baba a gaba, yaya zai bar 'yan mata suna ratsa garin mutane a ƙafa a irin wannan lokaci. Don ya toshe bakinsu sai ya ce daga yau a mota za a riƙa kai mu ana ɗauko mu, ya ɗora aikin a kan Mamman Dogo.

Dogo ya fi shekara goma a gidanmu. Shi ke jan akori-kurar da ke kai goro tasha, shi ke riƙe da makullin siton Baba da ke bayan unguwar Mokola. Yana da mata da 'ya'ya a can ƙasan unguwa, ba ya rasa sahun gaba wajen wazifa, kuma ranar sunan Ladi shi ya riƙe ragon aka yanka. Kawu Dogo muke ce masa. Kowa ya yaba dabarar Baba, an samu ɗan gida zai tsare yara daga mutanen waje. An gudu ba a tsira ba.

Wata biyu na farko lafiya lau. Sai iyayen Asabe su ma suka tattara suka koma Arewa, ni kuma na shiga ajin ƙarshe, aka sa mana darasin yamma saboda babbar jarrabawa. 'Yan ƙananan aji su tashi ƙarfe biyu, mu sai huɗu. Baba ya ce ba zai yiwu Ladi ta zauna tana gantali a harabar makaranta ba, Dogo ya ɗauko ta da biyu, ya koma ya ɗauko ni da huɗu. Daga nan Ladi ta fara canzawa, a hankali, yadda ganye ke yin yaushi. Surutun ya ragu, sannan ya ɗauke. Tuwo ta tsakura ta ture. Kullum da safe ciwon ciki, Iya ta jiƙa mata kanwa ta sha, a ce ta tashi kada ta makara. Ta daina shiga gaban mota, sai ta haye baya cikin ganyen goro ko da ana ruwa. Kayan makarantarta kuwa ta riƙa wanke su kullum, tana dirza har shuɗin ya koɗe, Iya tana faɗan sabulu. Malamar lissafi ta tare ni a baranda ta tambaye ni me ya sami ƙanwata, na ce ƙuruciya ce kawai. Ni a lokacin kaina ya cika da jarrabawa, ko gidan ne ya kama da wuta sai na gama shafin da nake karantawa.

Wata Asabar da hantsi muna wanki a bakin rijiya, mu biyu, Iya tana can tana tankaɗe. Ladi ta yi magana ba ta ɗago kai ba.

"Yaya, jowo, don Allah, ki roƙi Baba ya bar ni in riƙa jiranki. Ko a ƙarƙashin mangwaro zan zauna, ba zan yi wasa ba."

"Awa biyu? Ke dai faɗi gaskiya, ƙwallo kike son bugawa."

"Ba ƙwallo ba ne. Kawu Dogo ba ya bin hanyar gida."

"To ina yake bi?"

"Sito."

"Ya sauke kaya mana. Ke ba sai ki zauna a mota ba?"

"Ba ya bari in zauna a mota."

Ta ci gaba da cuɗa rigar cikin kumfa. Ta ce ya gaya mata idan ta faɗa, Baba zai cire mu duka biyu, ita za a ce ta jawo. Hawaye suka riƙa ɗiga cikin bahon. Kada wani cikinku ya nema mini uzuri ya ce ban gane ba. Shekarata goma sha shida, ina karanta ilimin jikin ɗan Adam a makaranta, na gane sarai. Na waiga na ga ko Iya na ji, sannan na rage murya.

"Ki share fuskarki. Kada in ƙara jin wannan maganar a bakinki. Zan san abin yi."

Abin da na sani na yi bai taka kara ya karya ba. Litinin da Talata na gudu daga darasin yamma na biyo su a mota, Dogo ya kawo mu gida kai tsaye yana ta ba mu labarin rediyo da inda yaƙi ya kai, don a lokacin an fara gwabzawa a Gabas. Laraba malamin Turanci ya kira sunana a gaban aji, ya ce duk wadda ta sake tsallake darasi ba zai sa sunanta cikin masu zana jarrabawa ba. Alhamis na zauna a ajina. Na ji an kaɗa ƙararrawar ƙarfe biyu, na ji ƙarar akori-kurar a bakin ƙofa, na sunkuyar da kai na ci gaba da rubutu.

Bayan kamar sati uku Ladi ta yanke jiki ta faɗi a layin taron safe. Aka ɗauke ta zuwa ɗakin shan magani. Mai kula da ɗakin wata Bayarbiya ce mai jiki, mai faɗa, muna ce mata Mama Nas, kowa na tsoron allurarta. Ta kore ni ta rufe ƙofa, ta daɗe a ciki. Da Dogo ya zo ƙarfe biyu ta hana shi yarinyar. Ta kira ni ta ce in je in zo da uwarmu, uwa take so, ba uba ba, ba kawu ba. Baba yana Shagamu wajen sayen goro, sai da aka nemi izinin wansa, Baffa, kafin Iya ta yafa mayafi ta fito da rana tsaka, abin da ban taɓa gani ba. Wanda ya kai mu kuwa Dogo ne, wa zai kai mu in ba shi ba. A hanya ya dube ni ta madubi.

"Hajara, me matar ta ce yana damunta?"

"Zazzaɓi ne, Kawu."

Ban shirya ba, haka kawai ta fito. Ashe bakina gwaji yake yi.

Ɗakin ƙarami ne, gado ɗaya, tebur ɗaya, sai warin magani. Ladi tana kwance ta juya fuska bango. Iya ta durƙusa ta yi gaisuwarta ta rana da karkataccen Yarbancinta, Mama Nas ta kama hannunta ta zaunar da ita a kujerarta, ita ta tsaya. Ta taga ina hango akori-kurar a gindin mangwaro, Dogo ya jingina da ita yana jan carbi. Mama Nas ta dube ni ta ce in faɗa wa uwata duk abin da za ta ce, kada in rage komai. Sannan ta fara, da Yarbanci tana haɗawa da Turanci, a hankali, ba da muryar nan tata ta faɗa ba. Ta ce ta duba yarinyar. Abin da ke jikinta ba zazzaɓin sauro ba ne, rauni ne da ciwon da ba ya kama yarinya kamar wannan sai in wani babba ya ci amanarta, kuma ba sau ɗaya ba. Ta ce ta yi ta lallashi, yarinyar ta ƙi faɗin ko wane ne, amma irin wannan tsoron na wanda ake gani kullum ne. Ta ce ba laifin yarinyar ba ne, kada wanda ya dake ta. Ta ce lallai a kai ta babban asibiti cikin satin nan, akwai allurai da za su kashe ciwon, in an bar shi zai hau sama ya yi ɓarnar da ba ta gyaruwa. Ta ce in kunya ce ko tsoro, ita da kanta za ta raka su, akwai likita mace, kuma in sun yarda za ta tsaya musu har wurin hukuma. Tana maganar idonta ya kaɗa ya yi ja.

Ta gama. Su biyu suka zuba mini ido.

Na sha juya wannan ɗan lokacin a raina fiye da yadda na juya duk sauran rayuwata. Na hango motar 'yan sanda ta shiga Sabo a wannan marra ta fito da Bahaushe da ankwa, a kan maganar Bayarbiya, na hango abin da zai biyo baya. Na hango Baba a masallaci, dattawa suna cewa ai mun faɗa maka. Zan so in ce muku waɗannan ne suka fi nauyi. Ba su ba ne. Saura wata huɗu in zana jarrabawa, kuma ina son farin kayan nan kamar raina. Na buɗe baki.

"Iya, ta ce zazzaɓi ne ya ci jikinta, ga ƙarancin jini. Ta ce a bar ta a gida ta huta, a riƙa ba ta alayyafo da hanta."

Iya ta dubi matar, ta dube ni.

"Shi ke nan? Ai ta daɗe tana magana."

"Sauran faɗa ne. Wai ba ma ba ta abinci."

"Ikon Allah. Ce mata wallahi ita ke turewa. Ce mata mun gode, Allah ya saka."

Mama Nas ba yarinya ba ce. Ta ga fuskar Iya ba ta nuna abin da ya kamata ta nuna ba. Ta kama haɓata ta ɗago fuskata.

"Hajara, kin faɗa mata? Duka?"

"Na faɗa, Mama."

"To me ta ce?"

"Ta ce an gode. Za su yi maganin abin a gida, idan Baba ya dawo."

Ta sake ni, ta yi tsaki mai tsawo.

"Ku mutanen Sabo, komai a gida, komai a gida."

Ta zauna ta rubuta takarda zuwa asibiti, ta ninke ta danƙa wa Iya a hannu da hannu biyu. Muna fita Iya ta miƙo mini, don duk takardar boko ni ke ajiyewa. Da muka isa gida na yayyaga ta na jefa a masai. Iya kuwa har da tsayawa a zaure ta yi wa Dogo godiya, ta ce Allah ya bar zumunci.

Ladi ba ta sake taka makarantar ba. Da Baba ya dawo ya ga zazzaɓi ya ƙi jin magani, ga firgita, ga rashin magana, sai aka kira malami. Malam ya yi tambayoyinsa, aka gano cewa a hanyar makaranta akwai wata babbar bishiya da ake ajiye ƙwarya da manja a gindinta. Shi ke nan, an samu mai laifi, iskar Yarbawa ce. Maganar ta yi wa kowa daɗi, don ta nuna cutar daga waje ta zo, kamar yadda aka yi ta faɗa. Aka shiga rubutu da hayaƙi da sadakar waina. Dattawa suka so a haɗa da ni a cire, Baba ya ce iska ba abin kunya ba ce, ƙaddara ce, Uwata za ta ƙarasa. Mama Nas ta tare ni sau biyu tana tambaya, na ce an kai ta asibiti tana samun sauƙi. Na riƙa gaya wa kaina ai na raba ta da sito, me kuma ake so. Wata huɗun nan ni kaɗai Dogo ke kaiwa yana ɗaukowa, ina bayan mota da reza a cikin littafina. Bai taɓa ko kallona da wata fuska ba. Rana ɗaya dai ina sauka ya ce:

"Hajara, ke yarinya ce mai hankali."

An yabe ni da yawa a rayuwa, an kuma zage ni, amma babu zagin da ya kai wannan yabon ciwo. Da yaƙi ya yi tsanani aka shiga ɗibar sojoji, ya tafi ya sa kaki. Baba ya tara malamai aka yi masa addu'ar tafiya a zaurenmu, mu muka dafa abincin. Bai dawo ba, ban kuma san inda ya ƙare ba. Ban san ko akwai wata kafin Ladi ko bayanta ba, wannan ma yana cikin abin da shiruna ya binne.

Na ci jarrabawa. Na sa farin kaya, Baba ya yi kuka a gaban mutane. A shekarata ta biyu a makarantar jinya aka koya mana ciwon da Mama Nas ta kwatanta, da maganinsa, da abin da yake yi wa mahaifa idan an ƙyale shi. Allurai ne na 'yan kwanaki. Na fita daga ajin na je bayan gini na yi amai. Ladi ta yi aure sau biyu, da sonta, mazan kuma ba miyagu ba ne, amma ba ta iya zaman ba, haihuwa kuma ba ta zo ba. Ciwon mara ya bi ta har tsufa, ni nake kawo mata ƙwayoyi daga wurin aiki ina cewa sanyi ne. Na yi shekara talatin ina yi wa matan Sabo tafinta a asibiti, ina yi musu faɗa cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, har suna ce mini Hajiya mai faɗin gaskiya. Yarinya nawa na tsaya wa, uwa nawa na zaunar na gaya mata abin da ba ta son ji. Duk wannan bai mayar wa Ladi komai ba.

Iya ma ta ba ni dama, ban ɗauka ba. Tana cikin ciwon ajali, ina shafa mata man zafi a ƙafa da la'asar, sai ta ce, kamar mai magana da kanta:

"Matar nan ta makarantarku, na ga idonta ya yi ja. Ke da kike aikin asibiti, ana jan ido don zazzaɓi?"

Na ce wasu haka suke, Iya, tausayi gare su. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce in ƙara man a ɗaya ƙafar.

Bayan rasuwarta Ladi ta dawo gidana da zama, tana ɗinkin hula. Sauran kun sani, sai dai ba ku san ma'anarsa ba. Binta, ranar da kika fara sakandare babanku ya ce Malam Isa direba ya riƙa kai ki. Da safe muka fito muka tarar da Inna Ladi a kujerar baya, ta sha mayafi, da lemarta da zarenta. Ta raka ki, ta dawo, da aka tashi ta sake bin motar. Gobe ma haka, jibi ma haka. Ƙawayenki suka fara yi miki dariya wai kina da 'yar sanda, kika zo kina kuka kika ce in hana ta. Na shiga ɗakinta da safe, na riga na sa kayan aiki.

"Ladi, ki huta mana. Yarinyar nan ta girma, kuma Malam Isa ba baƙo ba ne. Mutumin kirki ne, shekara nawa yana gidan nan."

Sai da maganar ta fita na ji abin da na ce. Ta soke allurar a jikin hular, ta ajiye a cinya.

"Yaya, ranar nan a ɗakin Mama Nas ido biyu nake. Na ji abin da matar ta ce, na ji abin da kika ce."

Na dafa ƙofa.

"To me ya sa ba ki yi magana ba?"

"Ke ce babba. Na ɗauka kin san abin da kike yi."

Ta ɗauki hularta ta ci gaba da ɗinki. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba.

"Ban taɓa roƙonki komai ba tun daga bakin rijiya. Wannan kam ki bar mini. Ni zan kai su."

Ga ƙofa a buɗe, kalma uku ce kawai, ki yafe mini. Na duba agogo, na ce na makara, na fita. Na ce gobe zan faɗa, gobe ta zama shekaru, har ranar da na wanke ta da hannuna ban faɗa ba. Ita kuwa ta kai Binta, ta kai Maryam, ta kai Auta, shekara goma sha ɗaya, da ciwon mararta da komai, ba ta fasa ko rana ɗaya ba, kuna gaba kuna ɓata rai tana biye da ku. Ku yi mata addu'a da sunanta. Ni kuma ku bar ni da Allah.